Yoyon da Ya Cinye Mutuncin Malam Ilu

Akwai wata Talata da har gobe ba ta bar raina ba, ranar da Injiniya Bashir ya sa hannu ya rufe tambayata ba tare da ya amsa ta ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, na san kuna gulmata cewa na cika tsanani wajen bita, wai a kan layi ɗaya sai in tsare mutum yini guda. Ba ƙarya kuka yi ba, kuma ba ni da niyyar canzawa. Amma gara ku ji inda abin ya samo asali, don kada ku ɗauka haka aka haife ni.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Gumel, ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani shagon takin zamani. Sana'armu ita ce haɗa akwatin da ake sa wa rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Ga wanda bai taɓa gani ba, akwati ne na ƙarfe da bai wuce girman kwalin taliya ba, a cikinsa akwai 'yar kwamfuta da batir da layin waya. Injin ruwan shi kansa da rana yake tafiya, yana cika tankinsa ba ruwansa da mu. Aikin akwati shi ne ya buɗe bututu ya rufe a kan lokaci, ya auna ruwan tanki, ya aiko mana da rahoto ofis. Mun kafa irinsa a ƙauyukan Gagarawa da na Sule Tankarkar. Injiniya Bashir ne shugaban sashen manhaja, yana kuma cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Ni ke bi masa. Sai Auwalu, wanda rabin aikinsa rubutu ne a ofis, rabi kuma hawa babur zuwa ƙauye ya kafa akwati ko ya gyara.

Ga yadda ƙa'idar bita take a wurinmu. Duk wanda ya rubuta sabon kod, wato umarnin da na'ura ke bi, ba ya tura shi cikin akwatuna sai wani abokin aiki ya karanta shi layi-layi. Idan mai bita ya ga abin da bai kwanta masa ba, sai ya rubuta tambaya a gefen layin. Idan ya gamsu, kalma ɗaya yake rubutawa: Madalla. Kod ba ya wucewa sai da Madalla, kuma ba ya wucewa matuƙar akwai tambayar da ke buɗe. Wanda ya yi tambaya shi ke rufe ta idan ya samu amsa. Wannan na ƙarshen ba doka ba ce, shafin bitar zai bar kowa ya danna, amma kowa ya san haka ake yi. Sai kuma wata al'adar da ba a faɗa da baki, ita ce aikin Injiniya Madalla kawai yake samu. Ya girme mu, shi ya ɗauke mu aiki, a biki da suna shi ne kan gaba. Yi masa gyara a rubuce, inda kowa zai gani, ana ɗaukarsa rashin kunya.

Dole in ɗan yi bayanin ƙwaƙwalwa, in ba haka ba wanda ba ɗan sana'a ba zai ɓace a hanya. 'Yar kwamfutar da ke cikin akwatin nan ƙwaƙwalwarta kaɗan ce. Duk abin da manhaja za ta yi sai ta ɗebi wuri a cikinta, idan ta gama ta sake shi. A tsohon yaren da muke rubutu da shi, wato C, kai za ka ɗiba da hannunka, kai za ka mayar da hannunka. Idan ka manta, wurin ya tafi ke nan har sai an kashe na'ura an sake kunnawa. Wannan mantuwar muke kira yoyo. Kaɗan-kaɗan wuri yana ƙarewa, har na'ura ta rasa inda za ta juya ta sandare. Injiniya ya gaji da farautar yoyo, kuma ban ga laifinsa ba, aiki ne mai cin rai. Sai ya sake rubuta manhajar gaba ɗaya da wani sabon yare mai tafe da mai shararsa, wato wani ɓangare da ke zagayawa lokaci-lokaci yana kwashe abin da aka gama da shi. Ya so yaren nan ƙwarai da gaske. Ko shayi ake sha sai ya kawo maganar cewa zamanin yoyo ya wuce.

Abin da ba ya son ji shi ne mai sharar nan bai san abin da ka gama da shi ba, abin da ka saki kawai ya sani. Mai share tsakar gida ba ta ɗauke tabarmar da mutum ke kai, ko da barci yake yi tun safe. Muddin wani sashe na manhaja yana riƙe da abu, ko da ya manta yana riƙe da shi, mai shara zai zagaye shi ya wuce.

Ranar Talatar nan aka turo mini sabuwar manhajar in yi bita, ana gaggawa domin za a kafa akwati a wani ƙauye da ke daf da iyaka, gaba kaɗan da Maigatari. Rubutun ya yi kyau, gaskiya sai na faɗa, ya fi tsohon tsabta nesa ba kusa ba. Sai na iso wurin da ke kula da layin waya. Duk lokacin da sabis ya katse ya dawo, manhajar tana buɗe sabuwar hanyar aika rahoto, ta ware mata wuri, ta ƙara ta cikin hanyoyin da take saurare. Na bi, na sake bi, ban ga inda ake sakin tsohuwar ba. Sai na rubuta a gefen layin da ladabi iya ladabi, na ce Injiniya, idan sabis ya dawo, wa ke sakin tsohuwar hanyar? Ina ganin har yanzu ana riƙe da ita, mai shara ba zai taɓa ta ba.

Bai amsa a rubuce ba. Tasowa ya yi ya tsaya a kaina, ya yi magana da muryar da Auwalu zai ji.

"Nura, yaren nan da kansa yake shara. Har yanzu kanka na cikin C. Ka riƙa karatu kafin ka yi wa mutane gyara a bainar jama'a."

Na ce ba gyara na yi ba, tambaya na yi, kuma idan ya ba ni rabin yini zan gwada in nuna masa. Ya nuna akwatin gwaji da ke kan benci ya ce tun makon jiya yake aiki ko tari bai yi ba, wane gwaji kuma ya rage. Ya koma mazauninsa. Ban gama haɗiye maganar ba sai na ga tambayata ta koma launin toka, an rufe ta. Jim kaɗan Madallar Auwalu ta bayyana a ƙasa. Na ɗago na kalle shi, ya sunkuyar da kai yana ta danne-danne kamar mai aikin gaske. Na sake buɗe tambayar, aka sake rufewa, kafin la'asar kod ya wuce. Da aka tashi na bi Injiniya har gindin motarsa na sake faɗa masa, daga ni sai shi, ko ya samu girman da yake so ya saurare ni. Ya ce in gaida gida.

Ƙauyen da aka kai akwatin na manoma ne, da rugagen Fulani a kewaye, shekara da shekaru suna zaune tare, kuma rijiya ɗaya za su sha. Saboda haka bututu biyu aka yi. Famfon gari a buɗe yake kullum, daga tanki kai tsaye. Bututun kwami kuwa, inda ake shayar da shanu, a rufe yake sai akwati ya buɗe shi da hantsi da kuma yamma, don kada dabbobi su shanye tanki kafin mata su ɗiba. Aka kewaye wurin da waya aka sa ƙofa, aka nemi wanda zai riƙe makulli. Bulaman garin da Arɗon Fulani ba su ko yi gardama ba, suka ce Malam Ilu. Dattijo ne manomi, yana jin Fulatanci, kuma irin mutumin nan ne da makiyayi zai bar masa ajiya ya tafi kasuwar Maigatari hankalinsa kwance. Auwalu ya isar masa da saƙon Injiniya a gaban Bulama, cewa komai ya faru kada ya kuskura ya taɓa akwatin nan, ko kashewa ko kunnawa, ya kira mu kawai. Malam Ilu ya ce ya ɗauki alkawari.

Bazara ta kankama, wata rana shanu suka iso da hantsi suka tarar da kwami a bushe, alhali ga famfon gari nan gefe yana zuba. A ofis kuma rahoto ya daina zuwa. Malam Ilu ya kira, washegari Auwalu ya isa, ya yi abin da kowane mai gyara ke fara yi, ya kashe ya kunna. Nan take ruwa ya ɓalle cikin kwami. Aka yi dariya aka watse. Bayan 'yan kwanaki abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Duk ranar da ya faru, ko dai makiyaya su kora shanu cikin zafin nan zuwa wata tsohuwar rijiya mai nisa, ko su zo da bokiti famfon gari su yi ta cacar baki da mata a kan layi. Ku sa kanku a matsayinsu. Ruwan gari na zuwa, nasu a rufe, makulli a hannun ɗan gari, kuma da zarar mutumin Gumel ya sauka daga babur ruwa ya dawo. Ba sai an gaya musu abin da za su zata ba.

Duk lokacin da rahoto ya yanke sai in tayar da maganar a ofis, Injiniya kuma ya ba ni amsa ɗaya. Manhajar nan ce a kan benci, ita ce aka tura Gagarawa da Sule Tankarkar, duk lafiya lau, me ya sa sai ƙauye ɗaya? Na nemi ya bar ni in je in gani, ya ce aikina a tebur yake. Na roƙi Auwalu idan ya je kada ya kashe sai ya haɗa kwamfuta ya duba, ya ce Yaya Nura, ba ka taɓa tsayawa tsakanin shanu masu ƙishirwa da masu su ba, wa zai ba ka lokacin dube-dube. Wannan kam ban musa masa ba.

Sai ranar da Bulama ya kira Injiniya da kansa. Ina zaune ina ji, wayar a buɗe take. Dattijon ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya yi tambaya ɗaya ƙwal, shin na'urar nan tana iya hana ruwa da kanta? Domin magana ta fara yin zafi a gari, yana so ya san inda zai sa ƙafa.

"Ranka ya daɗe, na'urarmu ba ta rufe kanta," in ji Injiniya. "Idan ka ga ta tsaya, hannu ne ya taɓa ta."

Ya ajiye waya na ce masa Injiniya, ba mu tabbatar ba, ka san ba mu tabbatar ba. Ya ce shi ya tabbatar.

Abin da ya biyo baya Auwalu ne ya ba ni labari, don yana wurin, ya je kashewa da kunnawa kamar kullum. Aka taru a zauren Bulama, manyan gari da Arɗo da mutanensa. Aka maimaita wa Malam Ilu abin da babban injiniya ya faɗa. Ya ce bai taɓa akwati ba, ko ƙurar da ke kansa bai taɓa gogewa ba. Wani daga cikin matasan ruga ya ce to ya dafa Alƙur'ani. Malam Ilu ya ce tun da yake bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba, ba kuma zai fara a kan bututu ba. Ku kun san irin waɗannan dattawan, gara a yanka su da su rantse, ko da gaskiyar tasu ce. Amma a zauren da zuciya ta riga ta hau, ƙin rantsuwa amsa laifi ne. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya yi sallama ya fita. Aka ba wani ƙanin Bulama makullin.

Ranar Asabar, da yake babu aiki, na ɗauki kwamfutata na hau mota zuwa Maigatari, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa. Ban nemi izinin kowa ba. Tun kafin mu isa wayata ta yi ƙara, na duba, saƙo ne ana yi mini maraba da zuwa Nijar, alhali ƙafata na Najeriya. Sabon mai makulli ya buɗe mini. Ina zaune a inuwar tanki ina haɗa waya, sai na ga sandunan sabis na wayata sun ɓace, sun dawo da wani suna, sun sake ɓacewa. Na tambaye shi ko haka take yi kullum. Ya yi dariya ya ce ai haka rezo, wato sabis, yake a nan, yanzu namu, an jima na Nijar, ko ƙofar ɗaki ka canza sai ya canza.

Na leƙa cikin ƙwaƙwalwar akwatin, ga su nan jibge, tsofaffin hanyoyin aika rahoto, kowace na riƙe da wurinta, babu mai amfani da su, babu mai sakin su. Ina kallo sabis ya yi tsalle, aka ƙara wata a kan idona. Wurin da ya rage bai kai rabi ba, kuma a yadda yake ci, kafin mako ya zagayo akwatin zai sake sandarewa. A Gagarawa da Sule Tankarkar sabis a zaune yake, sai jefi-jefi yake katsewa, don haka nasu yoyon ɗigo ne, lokaci kawai yake jira. A can gindin tankin kuma na gane sirrin akwatin benci da ake ta yi mini gori da shi. Ba shi da batir, a bango muka soka shi. Kuma a Gumel yaushe wuta ta taɓa yini ba a ɗauke ba? Kullum sai an kashe mana shi an kunna, kyauta, ba mu sani ba. Ashe ɗauke wuta ne ke yi mana shara duk tsawon lokacin nan, muna ta yabon yare.

Litinin da safe na ajiye kwamfutar a gaban Injiniya. Ya daɗe yana kallo. Bai ce na yi gaskiya ba, ban kuma nemi ya ce ba. Cewa ya yi to, alhamdu lillahi an gano, in rubuta gyara. Gyaran bai taka kara ya karya ba, 'yan layuka ne, a saki tsohuwar hanya kafin a buɗe sabuwa. Kafin hantsi na gama na sa shi a layin bita, amma na rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa kada a tura sai mun je ƙauyen.

Na yi masa bayanin dalilina. Idan muka tura gyaran nan a ɓoye, abin da mutanen ƙauye za su gani shi ne an karɓe makulli daga Malam Ilu, ruwa ya daidaita. Mun ɗaure shi ke nan har abada. Amma har yanzu muna da dama. Mu je wurin Bulama da Arɗo mu ce musu cikin makon nan kwami zai sake bushewa, makulli kuwa ba ya hannun Malam Ilu. Ni na yarda in tare a ƙauyen, da zarar ya tsaya kowa ya gani da idonsa, in kunna nan take, ko saniya ɗaya ba za ta kwana da ƙishirwa ba. Sannan a sa gyara a gaban kowa.

Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce wato so nake ya je zauren ƙauye ya ce na'urarsa ce ke hana shanu ruwa, bayan da bakinsa ya ce ba ta yi? Ya ce akwai ƙauyuka da dama da ke sauraren yadda wannan zai kaya, magana kuwa a kasuwar Maigatari ba ta kwana. Sannan ya ƙara da abin da har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa.

"Shi dattijon nan me ya rasa? Makulli ne fa kawai. An ma rage masa wahala."

Na ce masa abin da ya rasa ba a sayar da shi a shago. Muka yi ta yi har murya ta fara tashi, aka kira sallar azahar, na fita don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Na dawo daga masallaci na tarar da Madalla a ƙarƙashin gyarana, da sunan Injiniya, kuma an riga an tura shi ta layi zuwa duk akwatunan. Shekaru ina aiki a ƙarƙashinsa yana ja mini rai kafin ya amince da rubutuna, ranar nan ko karantawa ban tabbata ya yi ba. Ba a taɓa yi mini Madallar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba.

Ranar Juma'a na koma ƙauyen ni kaɗai. Bayan an sauko daga masallaci na roƙi Bulama ya ba ni zaure, ya kuma aika a kira Arɗo. Na yi bayani da Hausa mafi sauƙi da na iya. Na ce akwatin ne ke cika ya sandare saboda kuskuren da muka yi a Gumel, Malam Ilu bai taɓa komai ba, kuma mun gyara shi ta waya ranar Litinin. Suka saurare ni da mutunci, har da ruwan sha aka kawo. Da na gama Arɗo ya gyara zama.

"Malam, mun gode da tattaki. Mu ba mu san abin da ke cikin akwati ba. Abin da muka gani, makulli na hannunsa shanu na kwana da ƙishi, makulli ya bar hannunsa ruwa bai sake yankewa ba."

Na ce ai shi ya sa na zo, gyaran ne ya zo daidai da lokacin. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ya ƙaryata baƙo. Bulama kuma ya ce shi bai ƙi maganata ba, amma ya tambayi babba, babba ya faɗa masa wata magana, yanzu ga ƙarami ya zo da wata. Idan gaskiya ce, babban ya zo ya faɗa da bakinsa a zauren nan, ko ya kira a sa waya a tsakiya kowa ya ji. Na kira Injiniya a gabansu. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Daga nan na nemi gidan Malam Ilu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar amalanke. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wane ne, na maimaita masa duk abin da na faɗa a zaure. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni, cikin sanyin murya, shin da a ce ranar farko ya kashe ya kunna da ruwa ya zo? Na ce da ya zo, Baba. Ya ci gaba da murza igiyar yana magana.

"Ina tsaye kusa da shi, ɗana. Shanun Arɗo na kuka, yaransa na kallona, hannuna bai fi taku ɗaya da abin ba. Na ce na ɗauki alkawari."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya ga zuciyarsa, ya kuma yi mini addu'a ya ce in kama hanya kafin motocin Gumel su ƙare.

Da na koma ofis takardar tuhuma ce ta tarbe ni, wai na fitar da sirrin kamfani ba da izini ba. Na amsa ta da abin da ya sawwaƙa. Na sake roƙon Injiniya ya yi kira ɗaya tak zuwa ga Bulama, ya ce magana ta wuce, in daina tono. Damina ba ta faɗi ba na ajiye aikin. Shi yana nan, kamfaninsa na tafiya, akwatunan kuma suna aiki lafiya da gyarana a cikinsu. Idan mun haɗu a ɗaurin aure muna gaisawa.

To ku ji abin da na ɗauka daga wannan. Na farko na sana'a ne. Kada wanda ya ce muku yare ya ɗauke muku tunani. Duk inda kuka ga manhaja ta buɗe abu ko ta riƙe abu, ku nemi inda take sakinsa, ku gan shi da idonku, ko da an ce akwai mai shara. Kuma ku tambayi inda na'urar za ta zauna, domin benci a Gumel daban, gindin tanki a bakin iyaka daban. Na biyu kuwa na mutane ne, shi ya fi mini ciwo. Mu masu rubuta manhaja idan muka yi kuskure ba a ganinmu. Na'ura ta tsaya a ƙauye, babu wanda zai ce wani mai tabarau ne a saman shagon taki ya manta layi. Wanda ke tsaye kusa da ita za a kama, kuma yawanci shi ne wanda ya fi kowa biyayya ga abin da muka gaya masa. Shi ya sa a wurin nan babu wanda ke rufe tambayar da ba shi ya yi ba, ko ni, ko wanda ya fi ni. Idan ɗayanku ya ga abu a rubutuna ya yi mini Madalla don kunya, ranar da na gane, shi da ni ne.

Kwanakin baya na haɗu da Auwalu a tashar mota, shi har yanzu yana zagayen ƙauyukan. Na tambaye shi Malam Ilu. Ya ce yana nan da ransa da lafiyarsa, ana gaisawa da shi ba laifi, amma Fulani sun daina ba shi ajiya. Ya ce kuma tun daga ranar zauren nan bai sake ɗibar ruwa a burtsatsen ba. Kullum da safe yakan ɗaura wa jakinsa amalanke ya wuce ta gaban famfon yana zuba, ya tafi tsohuwar rijiyar nan mai nisa ya ɗebo wa gidansa.